Igiyar da Malam Garba Ya Karɓa Daga Hannuna

Ina kan hanyar dawowa daga filin jirgi, na sauke maigidanmu ke nan, sai wayata ta yi ƙara. Mai dafa abincin gidan ce, 'yar ƙasar Filifin, tana haɗa Larabci da Turanci tana kuka. Sai da na gangara gefen titi na tsaya kafin na tsinci abin da take faɗi: Malam Garba ya faɗi a bakin famfon lambu, motar asibiti ta zo, amma rai ya riga ya yi halinsa. Daga Allah muke, kuma komawarmu gare Shi take. Na daɗe riƙe da sitiyari motoci suna wuce ni, hawaye bai zo ba. Tsoro ne ya riga baƙin ciki isowa, domin mutumin da na zalunta ya tafi ban nemi yafiyarsa ba.

Malam Garba mutumin garinmu ne, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Shi ne mai gadi kuma mai kula da lambu a gidan da nake tuƙi a arewacin Riyad. Kafil ɗinmu, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanmu a ƙasar, ɗaya ne, ɗakinmu ɗaya a bakin get, shekara biyar muna raba fanka ɗaya da butar shayi ɗaya. Ba shi da hayaniya. Da asuba ƙafata yake taɓawa sau ɗaya, in ban motsa ba ya koma ya zauna ya jira, ba ya daka wa mutum tsawa. Ranar Juma'a, in mun samu hutu, mukan tafi unguwar Manfuha gidan hayar 'yan garinmu mu ci tuwo a tire ɗaya, kuma in lokacin salla ya yi ba a tambayar wanda zai shiga gaba, kowa matsawa yake ya ba shi wuri. A gida ma haka yake, in ya je hutu shi ke karantar da yaran layinsu.

Uwargidan kafil ɗinmu, wadda muke kira Madam, ita ce ta dawo daga tafiya da ɗan kwikwiyo fari mai gashi, ta sa masa suna Lulu. Ta kira ni falo ta miƙo mini igiya ja, ta ce daga yau kullum zan riƙa fita da shi ya zaga unguwa. Ni ta ba aikin. Ina so duk wanda ke karanta wannan ya riƙe wannan maganar, don ita ce aka binne Malam Garba ba a sani ba.

Na karɓi igiyar raina a ɓace. A unguwar nan direbobi Hausawa sun fi goma, da sanyin safiya kowa yana ƙofar gidan ubangidansa yana wanke mota, da yamma kuma suna zaune a bakin bakala, wato ɗan kantin unguwa, suna hira. Ni da nake aika hoto gida sanye da jallabiya a jikin mota, ina ni ina jan kare a gabansu? Sai na yi dabarar da a lokacin na ga ta fi kowace kyau: na riƙa fita da shi bayan azahar, lokacin da rana take tsakiyar kai, titi ba kowa, kowa ya shige cikin sanyin na'ura. Da takalmi mai kauri a ƙafata. Ko sau ɗaya ban yi tunanin abin da shi yake takawa ba.

Rana ta farko ya bi ni yana ɗaga ƙafa yana kuka. Ta biyu ya tirje a bakin get. Na ce taurin kai ne irin na abin da aka shagwaɓa, na ja shi kamar yadda ake jan ragon layya, cikinsa yana gogar kwalta. Kwana biyar ina haka. A na shida, da ya hango igiya a hannuna ya shige ƙarƙashin mota ya saki fitsari yana rawar jiki. Madam ta zaro shi ta duba tafin ƙafarsa, ta ga fatar ta saɓule ta yi ja. Har bakin ɗakinmu ta zo tana faɗa. Ta ce wanda ya yi wannan ba zai ga sabunta iƙamarsa ba, wato takardar izinin zama, huruj za a buga masa, ya koma ƙasarsu ba dawowa. Ni kuwa takardar zamana saura wata biyu ta ƙare.

Ina tsaye a nan, sai Malam Garba ya ajiye tiyon ban-ruwa ya matso. Bai yi ƙarya ba, bai kuma nuna ni ba. Cewa ya yi, cikin Larabcinsa na hankali, a bar masa kwikwiyon, zai yi jinyarsa kuma zai koya masa fita. Madam ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Sati uku. In bai yi tafiya ba, ku duka biyun zamanku ya ƙare." Ta jefa masa igiyar a ƙirji ta juya.

Da muka shiga ɗaki na fara kame-kame, ya ɗaga mini hannu. Ya ja ni waje, ya kama hannuna ya ɗora bayansa a kan kwalta. Ban iya ƙirga uku ba na fizge.

"Habu," in ji shi, "wannan ba taurin kai ba ne, tsoro ne. Kai da takalmi ka fita, shi da me ya fita?"

Yadda ya bi da dabbar nan ya isa ya nuna wa mutum ko wane ne Malam Garba. Man kaɗanyar da ya zo da shi daga gida don faso, shi ya riƙa shafa masa bayan maganin likita. Kwana huɗu bai sa masa igiya ba, ajiye ta kawai yake kusa da kwanon abincinsa, har kwikwiyon ya daina gudunta ya fara taunar bakinta. Daga nan ya ɗaura masa ya bar shi yana janta a cikin lambu. Sannan ya riƙa buɗe get da sassafe ya zauna a dokin ƙofa da 'yan yankan dafaffiyar kaza a hannu. In Lulu ya leƙa waje, ya ba shi. In ya taka sau ɗaya, ya ba shi. In ya juya ciki da gudu, ya ƙyale shi, gobe ma rana ce. Na taɓa ce masa lokaci yana ƙurewa, ya ɗan ja shi mana. Ya ce, "Ja ai an gwada, ka ga inda ya kai mu." In kuma kwikwiyon ya tsaya yana shinshina gindin bishiya, ni ina ƙosawa, sai ya ce, "Bar shi, shi ma labaran safe yake saurara."

Abin da ya rage shi ne kwalta. Kwikwiyon ya yarda da lambu, ya yarda da dakalin ƙofar gida, amma baƙin titi in ya gani sai ya ƙame. Sai Malam Garba ya riƙa ɗaukarsa a hannu ya tsallaka da shi zuwa wani ɗan fili mai ciyawa a ƙarshen layi, ya sauke shi a can, a dawowa kuma ya bar shi ya taka ɗan abin da ya iya. Duk wannan da sanyin safiya ake yi, domin lokacin ne ƙasa ba ta ƙuna. Kuma lokacin ne direbobi ke wanke mota. Ya sani sarai. Sallama yake musu ɗaya bayan ɗaya, kare a hannunsa, ya wuce.

Lawal, wani direba ɗan garinmu da ke aiki a gida na huɗu daga namu, shi ya ɗauke shi hoto rungume da kwikwiyon. Ya tura a zauren 'yan garinmu na waya, wanda mutanen gida ma suke ciki, ya rubuta a ƙasa cewa ga Malam a ƙasa mai tsarki an samu ƙarin girma, an zama mai renon kare. Kafin azahar hoton ya zaga garinmu. Matarsa, Hajiya Rabi, ta kira tana kuka, ta ce mata sun zo har gida suna yi mata jaje da dariya a bakinsu. Babban ɗansa Nura ya daina ɗaga wayarsa. Ina kwance a katifata ina jin yadda yake kira tana ƙara har ta tsinke, ya sake kira.

Juma'ar da ta biyo baya muka je Manfuha. Aka kawo tire, sai na ga an zuba nasa daban a ɗan kwanon roba, an ajiye masa kofinsa a gefe. Ya dubi kwanon ya ce, cikin murya ƙasa-ƙasa, a karatun da muka taso da shi na Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, kuma ya wanke hannunsa. Wani ya ce nan ba gida ba ne. Lawal ya juyo gare ni, bakinsa cike da tuwo.

"Habu, kai da kuke ɗaki ɗaya, wai gaskiya ne har wanka yake masa?"

Kowa ya juyo yana jirana. Magana ɗaya ta isa: aikina ne ya karɓar mini. Malam Garba ma bai dube ni ba, kansa a sunkuye. Ni kuwa na buɗe bakina na ce, "Wanka kaɗai? Har mai yake shafa masa a ƙafa."

Aka kwashe da dariya, har da masu buga ƙasa, ni ma na yi. Da la'asar ta yi wani ya shige gaba tun kafin a gama tada iƙama, Malam Garba ya tsaya a ƙarshen sahu, wanda ke kusa da shi ya bar tazara a tsakaninsu. A mota muna komawa na kasa haɗa ido da shi. Mun wuce danja uku, sannan ya ce, "Ka dai ƙoshi ko? Na ga ba ka ci da yawa ba." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kafin sati ukun su cika Lulu ya tsallaka titi da ƙafarsa, igiya a sake, yana kaɗa wutsiya. Madam ba ta ce sannu ba, cewa ta yi tunda ya iya, aikin ya zama nasa. Aka sabunta mini iƙama. Shi kuwa bai sake zuwa Manfuha ba, ranar Juma'a in ya dawo masallaci sai ya dafa shayinsa ya zauna a bakin get. Wata bakwai muka yi a haka. Kullum ina cewa gobe zan shiga zauren nan in rubuta gaskiya, kullum ina tuna za a juyo da dariyar kaina, sai in mayar da wayar aljihu. Sau ɗaya na ce masa, "Malam, ko in faɗa musu?" Ya ce, "In ka faɗa sun samu mutum biyu ke nan. Bar su da ɗaya." Na karɓi wannan maganar da sauri don ta yi mini daɗi, alhali na san ba don gaskiya ba ta da amfani ya faɗe ta ba, tausayina ya ji.

A nan Riyad aka binne shi. Likita ya ce zuciya ce. Mu 'yan garinmu da muka bi gawarsa ba mu cika sahu ɗaya ba. Da muka dawo na buɗe waya na ga Lawal ya sa sanarwar rasuwa, da dogon yabo, wai an yi rashin uba. Hoton da ya ɗora shi ne dai wancan, ya yanke karen, amma farin kunnensa yana nan a ƙasan hoton kusa da hannun rigar Malam. Mutanen da suka ware masa kwano suna ta jera addu'a a ƙarƙashi. Madam kuwa, da na shiga gida da ƙurar maƙabarta a ƙafata, abin da ta fara tambaya shi ne wa zai fita da Lulu gobe.

Nura, da kai nake yanzu. Ba a ɗauki mahaifinka aikin kare ba, kuma ba kwaɗayi ne ya sa ya ɗauki dabbar nan a hannu ba. Ni aka ba igiya. Ni na ƙona wa kwikwiyon ƙafa don gudun kada 'yan garinmu su gan ni, ni za a kora, shi ya tare. Duk kiran da ya yi maka ba ka ɗauka ba, ina ɗakin, ina da abin da zan faɗa maka ka ɗauka, na yi shiru. Kada ka ɗora wa kanka wannan nauyin kai kaɗai, mafi yawansa nawa ne. Hajiya, ki gaya wa matan da suka zo miki jaje cewa mijinki ya sayi zaman wani da mutuncinsa, kuma wanda ya saya wa ɗin yana cikin masu dariya.

Allah Ya jiƙan Malam Garba, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sanyaya masa ƙasar da ya kwanta a cikinta nesa da gida. Tausayin da ya nuna wa dabbar da ba ta da baki, Allah Ya nuna masa wanda ya fi shi. Allah Ya ba Hajiya Rabi haƙuri, Ya raya Nura da ƙannensa, Ya tsare su daga bakin mutane irina. Ni kuma, ya Ubangiji, ranar da za Ka tsayar da mu ni da shi, Ka sa ya yafe mini, domin shekara biyar muna ɗaki ɗaya, taku biyu ne tsakanin katifata da tasa, ban tashi na roƙe shi ba.