Imel ɗin Gidan Alhaja Wosilatu

Morufu Ajibade ya shekara goma sha ɗaya yana gyaran kwamfuta a wata rumfa a Dugbe, cikin Ibadan, kuma burinsa bai taɓa wuce ɗaya ba: ofis mai ƙofa, da kujerar da ba sai ya ɗaure ta da sarƙa ba idan zai tafi salla. Gajere ne, yana soka sukundireba a aljihun gaba inda mutane ke sa biro, ya kuma yi imani cewa kowace matsala a duniya waya ce ta kwance.

Dama ta zo masa daga Alhaja Wosilatu, mai kamfanin fitar da koko. Ma'aikatanta goma sha huɗu ne: goma sha ɗaya 'yan gida, sauran ukun suna neman aure a gidan. Turawan da ke sayen kayanta sun gaji da aiko saƙo ta wayar direbanta. Ta ce Morufu ya haɗa wa kamfani imel. Idan ma'aikata suka kama aiki da shi kafin ƙarshen wata, ɗakin da ke jikin sito nasa ne, har da albashi. Idan ba haka ba, akwai ɗan ƙanwarta da ya karanta kwamfuta a Ogbomosho.

Ya girke babbar kwamfutar da ke karɓar saƙo tana rarrabawa, ya ɗora ta a kan benci saboda ɓeraye, ya ba ta fanka biyu alhali shi ba shi da ko ɗaya. Ya ja waya ta cikin silin zuwa kowane tebur, ya buɗe wa kowa akwatin saƙo da sunansa na yanka, kamar yadda aka koya masa. Ya gwada, komai ya yi daidai.

Mako biyu, ko saƙo ɗaya bai gilma tsakanin tebur da tebur ba. Sau uku yana hawa silin yana neman wayar da ta kwance. Saura kwana huɗu ya je wurin Abeke, sakatariya, matar babban ɗan Alhaja.

"Anti, kwamfutarki lafiya?"

"Lafiya lau. Ta ma fi ka ƙiba."

"To me ya hana ki tura wa Alhaja takardun jirgi ta ciki? Na ga kina hawa bene da su."

"In rubuta me a sama?"

"Adireshinta."

"Wato sunan uwar mijina. Tsirara. Da yatsuna." Ta dube shi kamar ya shiga masallaci da takalmi. "Baba Waya, haka aka rene ku a gidanku?"

"Ai ba faɗa za ki yi ba, bugawa za ki yi."

"Allah ba ya ganin bugu ne?"

Abeke ba ta ambaton sunan duk wanda ta tarar a gidan miji, har ƙanin mijin da ke tsaron sito, wanda take kira Mai Farin Haƙori. Sauran ma haka abin yake: na ƙasa ba zai rubuta sunan na sama ba, na sama kuma ba ya buƙatar imel, tunda yana da murya.

Morufu ya saya mata amala da naman akuya, ya zauna da takarda, tana faɗa yana rubutawa. Akwatin Alhaja ya koma Maman 'Yan Biyu. Manaja ya zama Baban Legas, saboda ya taɓa zuwa sau ɗaya. Direba ya nemi a sa masa Sanata, aka hana.

Washegari saƙo ɗari biyu da bakwai suka ratsa babbar kwamfutar. Yawancinsu gaisuwa ce: sannu da aiki, sannu da zama, sannu da ruwan jiya. Akwai takardun jirgi guda biyu.

Ranar ƙarshen wata wani Bature mai sayen koko ya rubuto, ya fara da "Zuwa ga Maman 'Yan Biyu". Alhaja ta sa aka karanta mata sau biyu.

"Shekara tara muna ciniki da mutumin nan," ta ce, "sai yau ya nuna yana da iyaye." Ta ciro makulli daga bakin zani ta miƙa wa Morufu.

Yana nan har yanzu, da ƙofa da kujera, kowa na kiransa Baba Waya. Kwanaki mahaifiyarsa ta zo daga ƙauye tana neman Morufu Ajibade, maigadi ya rantse mata babu mai wannan suna a kamfanin.