Katin da Inna Ta Ba Ni Riƙo

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma a wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta ambatar sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta nuna tana son sa ko da son zai kashe ta. Kakata ce ta raine ni. Da na samu aikin koyarwa na tare a Jega, sai Inna ta raɗa mini "mutumin Jega". In na je Gumbin Kure gaishe ta, bango take kallo tana amsawa. Autanmu kuwa, mai sana'ar albasa a Aliero, da gemunsa da 'ya'yansa uku, har yau kwano ɗaya suke ci, tana tsame masa nama. Na san al'ada ce, amma sanin bai taɓa hana ni jin zafi ba.

Abu ɗaya tak ta taɓa ba ni wanda ba ta ba shi ba, shi ne katin bankinta. Bayan rasuwar Baba aka buɗe mata asusu saboda kuɗin hayar gona. Ranar da aka karɓo katin, ta ajiye shi a tabarma, ta turo shi da ɗan yatsa, ta ce da bango, "A ba mutumin Jega shi riƙe, shi ad da hankali." Lambar wayata aka sa don alat. Shekara huɗu katin yana aljihuna na gaba. Duk wata in cire mata abin cefane in kai mata da kaina, kuma ba na ɓoyewa, in auta yana wurin nakan ɗan jinkirta wajen ƙirgawa don ya gani.

Wata Talata ina cikin aji waya ta yi ƙara. An cire dubu ɗaya da 'yan kai daga asusun Inna, da wasu gajerun haruffa na Turanci da ban gane kansu ba. Na shafa aljihu, kati na nan. Bayan la'asar wani alat ya sake shigowa: dubu ashirin, wajen wani mai POS a Aliero. Na ce shi ke nan, 'yan damfara sun same mu.

Washegari tun kafin a buɗe banki ina bakin ƙofa. Ni mutum ne mai saurin fushi, na san halina. Na dire wayar a gaban wata ma'aikaciya, na yi ta faɗa a kan yadda ake cin dukiyar tsofaffi, har mutanen layi suka fara taya ni. Ta bari na gama, ta duba kwamfuta.

"Malam, ba wanda ya saci komai. Wannan dubu ɗayan kuɗin sabon kati ne."

"Wane sabon kati? Ga kati a hannuna."

"An rufe wannan. Mai asusun ce ta zo da kanta jiya ta dangwala yatsa. Wani mai gemu ne ya kawo ta."

Masu taya ni faɗa suka koma kallon silin. Da ma 'yan damfarar ne, wallahi da na fi samun sauƙi. Daga bankin nan zuwa gidana ko mai dogara sanda ba zai yi minti goma ba. Inna ta shigo Jega, ta wuce ta bakin layinmu a bayan babur ɗin auta, ta kashe katina, ta koma, ko ruwa ba ta tsaya ta sha ba. Don taurin kai na tsaya wajen mai POS na bakin kasuwa na ce ya gwada. Ya zura, ya zare, ya goga a rigarsa, ya sake zurawa, ya miƙo mini. "Malam, wanga kati ya mutu."

Ban kira kowa ba. Kwana huɗu ina zaune ina haɗiyar baƙin ciki, alat yana ta shigowa daga Aliero, yau dubu biyar, gobe dubu uku. Kowane ya shigo sai in zana hotonsa a raina: ga su can uwa da ɗanta an sayo tsire, ga shi can ya ƙara buhu a rumbun albasarsa. Kishi ne tsurarsa, kishin ƙato ɗan shekara arba'in da bakwai da ƙanensa. Matata ta ce, "Aliero dai ba Makka ba ce, ka hau babur ka je." Na ce wanda aka kora ba ya kai kansa.

Ran Lahadi na kasa daurewa. Na tafi da jawabina a shirye, har na tanadi inda zan jefar da katin a gabansu.

Na same ta a tsakar gidan auta, zaune a inuwar darbejiya. Hannunta na dama a ɗaure yake da karare da tsumma tun daga gwiwa har wuyan hannu, irin ɗaurin masu ɗori na Aliero. Ta rame. Auta yana durƙushe a gabanta da ƙwaryar fura, yana ba ta a baki da ludayi. Na manta da jawabina. Na gaishe ta, ta juya ga bango ta amsa.

Na ja shi zaure. "Me ya same ta? Kuma ni gawa ne da ba za a gaya mini ba?"

"Yaya, bakin rijiya tah hwaɗi, ran Litinin. Maƙwabta sunka kira ni, niɗ ɗauko ta nan wurin masu ɗori. Nic ce in kira ka, tac ce in na kira ka ba ta yahe min ba. Wai ƙaƙa za ta aika ma ɗanta na hwari shi zo shi gan ta kwance, shi ɗauke ta? Kuɗɗin ɗori ko ba ni da su, albasa ba ta hita ba. Ita ko ba ta iya aikawa a amso kati wurinka, sai ka tambayi dalili."

"Shi ne kuka kashe nawa."

Ya murza gemu. "A banki sun tambaya ko a mai da alat ɗin ga wayata, tunda ni ka riƙon kati. Tac ce a'a, a bar shi inda shi ke. Tac ce mutumin Jega na da hankali, da ya ga Aliero ya san a zo. Kullum da sahe sai ta sa in ciri wani abu, ko ba mu buƙata. Kuɗɗin na nan ƙarƙashin matashinta. Da ta ji babur sai ta dubi ƙohwa."

Na tsaya a zauren nan na ƙirga alat ɗin a waya. Guda bakwai. Sau bakwai uwata ta kira ni, ni kuma ina Jega ina lissafin tsiren da ba a saya ba.

Na koma na zauna a gefen tabarma. Inna ta ce da bango, "Hanyar Jega ta yi nisa bana."

Auta ya miƙo mini ludayin. Na karɓa, na ɗebo fura na kai kusa da bakinta. Ta kau da kai, ta ja mayafi da hannun hagu ta rufe fuska. Na jira, furar tana ɗiga a tabarma. Ba ta buɗe ba sai da na mayar masa da ludayinsa. Ya ɗebo, ta sha, har tana yi masa faɗan ya cika sukari.

Hannun ya warke. Sabon katin yana wajen auta, alat yana zuwa wayata. Mataccen kuma yana aljihuna na gaba, ban jefar ba.