Baba Fis, Mutumin Ɗakin Batir

Kafin masu shara su iso, Baba Fis ya riga ya buɗe ɗakin batir da ke bayan asibitin haihuwa. Ɗaki ne mara taga, kujera ɗaya, kofi ɗaya. Sai ya bi wayoyi yana shafa su da bayan hannu kamar uwa mai duba zazzaɓi. Tun rasuwar matarsa, a nan yake karyawa shi kaɗai. Ba mai leƙo shi sai abu ya lalace, kuma mai zuwan ba ya ko sallama.

Sunan ma tsokana ce. Fis ɗin zamani da yake kula da shi bai wuce ƙwayar wake ba, manne a cikin na'ura. In wuta ta yi yawa ko waya ta ɗau zafi, sai ya yanke wutar. In an gyara matsalar, ya sake ta. Mutane kuwa, kun san halinmu: da ya yanke, sai a nemi guntun waya a tsallake shi.

"Wutar batir ce fa, ba ta jan mutum," in ji su.

"Ba ta ja, amma tana ƙona katifa," in ji Baba.

Babbar nas ta shaida mana ranar da akwatin ɗumama jarirai ya dinga mutuwa saboda fis na yanke wutar, ga bakwaini a ciki, 'yar mitsitsiya. Uban ya tare ƙofa.

"Baba, don Allah haɗa shi kai tsaye! 'Yata za ta sandare!"

"Ɗana, ba zan haɗa ba. Abin nan ba ya yankewa a banza. A ɗora ta a ƙirjin uwarta, a lulluɓe su."

Wai! Ba irin zagin da Baba bai sha ba, har da cewa ba shi da imani. Ya durƙusa ya kwance akwatin, ya tarar wata waya ta matse a ƙarƙashin shimfiɗa, robarta ta fara narkewa, daidai inda kan jaririyar yake kwanciya. Kafin ya ɗago ya nuna, an janye uban waje. Da aka sallame su, nas ta so ta yi wa uban bayani, ya ce ba ya son jin sunan tsohon nan.

Baba, kai ne ka yarda a tsane ka, muddin yarinya ta rayu. Kai ne wanda in aikinsa ya yi kyau, ba abin da ke faruwa, saboda haka ba mai godiya. Wallahi abin yana mini ciwo.

Yanzu ya ajiye aiki. Yana zama a ƙofar gida da rediyonsa, kuma yarinyar nan, da jakar makaranta, ta nan take wucewa kullum. Uban yakan ja hannunta su tsallaka titi don kada su bi ta gabansa.

Mun gode, Baba, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma masu gyara, in fis ya yanke, ku nemi dalili, kada ku tsallake shi. Mai hali ya je ya gaishe da tsohon nan, ko ba abin da ya lalace.

Na tambaye shi ko abin na damunsa. Ya dubi yarinyar a tsallaken titi.

"Yana damuna mana," ya ce. "Amma ka ga yadda take gudu?"