Ramukan da Na Cike da Waɗanda Na Tona

Ƙwaƙwalwata yanzu ta zama rariya. Jiya na kira jikana da sunan ubansa, uban kuma na kira shi da sunan maƙwabci. Amma akwai abu guda da ya ƙi zurarewa, ba kuma zan manta da shi ba har a sa ni a makara: gasar golf ɗin da na ɓata, na gyara, gyaran kuma ya cinye ni.

Kada ku yi dariya. Ni ɗin nan da karatuna ya tsaya a aji uku na elementare, na taɓa zama babban injiniyan filin wasan Turawa. A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da sittin ne. Ina zaune a Misfala, wata unguwa kusa da Harami, da matata a ɗaki guda, shekara huɗu bayan mun sauke farali mun ƙi komawa gida. Ba mu da iƙama, wato takardar zama, don haka da na hangi askar, wato ɗan sandan ƙasar, sai sha'awar lungu ta kama ni. Sana'ata ta shekara-shekara ita ce kafa tantuna da share hanyar alhazai a Arfa. Sauran watanni kuwa, abin da Allah ya kawo.

Wani abokina Badamagare ne ya kawo labarin cewa wani kamfani yana neman masu shebur, can a hanyar Jidda, bayan an wuce iyakar Harami, inda Nasara suke iya zama. Kullum da asuba motar akori-kura ta kwashe mu, mu shida, ba ta dawo da mu sai mun zama kalar ƙasa.

Filin babu ciyawa ko ƙwara ɗaya. Ramuka ne tara ƙanana, kowanne da tuta, an cakuɗa yashi da baƙin mai an daddaɓe kewayensa. Wasan kuwa, mutum ya doki 'yar ƙwallo da sanda, ya bi ta a ƙafa cikin rana, ya sake duka, har ta faɗa ramin. Baturen da ya zana filin dogo ne mai jan wuya, Larabcinsa ya fi nawa karyewa. Da ya ga ina iya tafiyar da mutane sai ya ɗora ni a kan sauran, ya ce in gasar kamfani ta yi kyau zai kai sunana wajen mudir, shugaban kamfanin, a yi mini iƙama. Ranar na koma gida ina tafiya kamar mai takarda.

Abu biyu suka dame ni a filin nan. Gaban kowace tuta akwai wani wawakeken kwari mai laushin yashi, a tsakiyar fili kuma ga wani tudu tsaye ba aikin fari. Na sha ganin Baturen nan ya faɗa kwarin yana ta dukan ƙasa, yashi na shiga idonsa, yana ambaton abubuwan da na gode Allah ban ji Turancinsu ba. Tausayinsa ya kama ni. Mu a Arfa, in ka ga rami a hanya cikewa kake yi, in ka ga dutse ka kawar, tun muna yara a gida aka koya mana lada ne. Saura kwana goma gasa sai ya yi tafiya, ya ce in kula da fili.

Na ce wa abokina, "Malam, bawan Allah nan kunya ce ta hana shi faɗa. Mu rushe tudun can mu cike masa kwaruruwan nan."

Ya ce, "Alhaji, anya? Bature ba ya barin rami a banza."

"Kai da ko allo ba ka gama ba, ni za ka koya wa Bature?"

Kwana tara muna jidar ƙasa da kwando, bayanmu kamar zai tsinke. Muka mayar da fili sumul kamar faranti. Don ƙarin ihsani, na sa aka ɗan lotsa kewayen kowace tuta kamar kwano, yadda ƙwallo in ta matso za ta gangara da kanta. Bature bai dawo ba sai da safiyar gasa. Ya sauko daga mota, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya cire hula ya zauna a ƙasa. Ni na ɗauka godiya ce ta yi masa yawa.

Gasar kashi biyu ce, Juma'a biyu a jere. Ta farkon nan ban taɓa ganin taro mai kama da zaman makoki irinta ba. Ashe tudun nan don 'yan kallo aka tara shi, daga kansa ana hangen tuta biyar. Yanzu kowa na tsaye a ƙasa ɗaya, na gaba yana ganin ƙura, na baya yana ganin ƙeyar na gaba. Wanda ma ya gani, me ya gani? Gwani ya buga, ta faɗa. Wanda bai iya riƙe sanda ba ya buga, ta faɗa. Babu mai ihu, babu mai dafe kai. Matan Turawa suka koma ƙarƙashin rumfa suna fifita, wani tsoho ya yi barci da baki buɗe. Kafin la'asar rabin mutane sun watse. Mutum ɗaya ne ke murna, mudir, wani gajere mai tumbi, wanda tun da ya fara wasa bai taɓa zama na ɗaya ba sai ranar.

Da yamma Bature ya ja ni gefe. Bai yi faɗa ba, gajiya ce kawai a muryarsa. Ya ce, "Ya Hajj, mutane ba su zo ganin ƙwallo ta shiga ba. Sun zo ganin ko za ta shiga." Ya ba ni kwana shida in mayar da komai, in ba haka ba in manta da iƙama.

Da na ba matata labari, tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Wato Alhaji, kwana tara ka yi kana cike rami, yanzu za ka yi shida kana tonawa? To ni ma gobe in na tuƙa tuwo sai in mayar da shi gari."

Haushi da tsoro su suka riƙe mini shebur a makon nan. Hannuwana suka yi kanta, kantar ta fashe. Tun da wahala suke so, na ce, za su ƙoshi. Muka tona kwaruruwa har sun fi na da zurfi, ƙasar da ta fito muka tara tudu wanda ya fi na farko tsawo. Kwanukan nan na kife su suka zama ƙoƙon kai, ƙwallo in ta zo da gaggawa sai ta wuce ta gangara. Kwarin gaban tuta ta tara, daidai gindin tudu, shi na fi yi wa aiki, in ka shiga sai hularka kaɗai ake gani. Bature ya leƙa ciki, ya yi murmushi, ya ce, "Tayyib," wato ya yi kyau.

Juma'a ta biyu tudu ya cika maƙil. Tun daga tutar farko ake ihu. Ƙwallo ta zo bakin rami ta yi tunani ta juya, mutane su dafe kai gaba ɗaya. Abokina da bai san dokar wasan ba har tsalle yake yi. Aka zo tuta ta tara, mudir na gaba da 'yar tazara, sai ƙwallonsa ta tashi, ta yi lilo, ta sauka cikin gwanintata.

Ya shiga. Muka daina ganinsa, sai yashi ke tashi. Duka ɗaya, biyu, uku. A na huɗu mutanen kan tudu suka fara ƙirgawa da ƙarfi, har da ma'aikatansa, har da matarsa. A na bakwai ƙwallo ta fito, shi kuma sai da aka miƙa masa hannu. Tafin da aka yi ranar, na tabbata an ji shi a Jidda. Bature ya rungume ni da ƙurata da komai, ya ce ba a taɓa gasa mai daɗin kallo irin wannan ba.

Mudir ya karkaɗe wandonsa, ya tambaya a hankali, "Wa ya tona wannan?"

Bature, cikin alfahari, ya nuna ni.

Ranar Asabar akori-kura ta zo Misfala, direba ya ce mutum biyar aka ce ya ɗauko. Na tsaya da shebur a kafaɗa har ƙurarta ta kwanta, sannan na hangi askar, na shige lunguna na kullum. Sai bayan shekara goma sha ɗaya na riƙe iƙama, ta wata hanyar dabam.

Abin da na koya, ku rubuta shi, don ban same shi da arha ba. Kallo ba ya daɗi sai wani yana shan wahala a tsakiyar fili, shi ya sa mai tsara wasa yake tona rami, ya kuma tara tudu don a gani da kyau. Amma kafin ka ɗauki shebur, ka fara tambaya wa zai faɗa. Ni yanzu ko rami na gani a hanya, ba na cikewa, ba na ƙarawa. Kewayewa nake yi, in yi masa sallama.