Ɗakin Haihuwar Karyar Madam

A shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori, ni kafinta ne a kwatas ɗin Turawan kamfani, kusa da Talata Mafara. Kafinta dai a baki, domin iyakar ilimina benci ne da ƙyaure da kujerar tsuguno. Amma a lokacin duk wanda ya iya ɗaga guduma bai buge yatsansa ba, an ɗauke shi aiki.

A shekarar da nake magana, masu ciki biyu ne suka hana ni sakat, kuma dukansu cikin fari ne: mai ɗakina, da karyar matar babban injiniya.

Na mai ɗakina ya fi damuna. Al'ada ce mai cikin fari ta koma gaban iyayenta goyon ciki, a can za ta haihu, a can za ta yi wankan jego. To, ƙauyen iyayenta a ƙasar Maradun yana cikin waɗanda aka ce ruwa zai ci, an kwashe su an zube a wani fako mai tsakuwa, aka ce sabon gari ne. Surukina ya tada ɗaki na laka ya ɗora jinka, sai dai babu ƙyaure, don ranar kwashe kaya mota ba ta jira an ɓalle na tsohon gida ba. Tufaniyar ciyawa kawai aka rataya a ƙofa, ga damina ta matso. Katako kuwa kamfani ya haɗiye shi kaf, ɗan abin da ya saura a kasuwa ba irina ke tayawa ba.

Surukuwata ba ta yi mini magana ba, don ba a yin haka. Sai ta aiko gwaggon mai ɗakina, ita kuwa ta isar da saƙon ba ta rage masa gishiri ba.

"Inna ta ce a hwaɗa maka, ɗiyatta ba ta jego ɗakin da babu ƙyaure. Ta ce kuma ta ji an ce mijin ɗiyar kahinta na."

Wannan maganar ta ƙarshe ta yi mini zafi, na kwana biyu abinci ba ya yi mini daɗi.

Ana cikin haka aka ce Madam, matar injiniyan, tana nemana. Kukunta mutumin Bakura ne, abokin hirata, shi ne tafinta. Turancinsa a bakin murhu ya tsinto shi, ita ma Madam Turancin ba harshen garinsu ba ne, don haka sai su haɗu su yi ta jifan juna da kalmomi da hannuwa, abin da ya faɗo ƙasa shi nake ɗauka in yi aiki da shi. Abin da na tsinta ranar shi ne ana son akwatin da karya za ta haihu a ciki. Bangonsa ya yi tsawon da 'yan kwikwiyo ba za su tsallake ba, a bar wani gefe gajere inda uwar za ta shiga ta fita. A kafa sanda a jikin bango ta ciki, sama kaɗan da ƙasa, saboda idan uwa ta jingina kada ta danne ɗanta, ya sami inda zai raɓe. Kada a shafa fenti, kada kan ƙusa ya leƙo, a goge ko'ina sumul. Daga sito kuma aka fito da katakon da ban taɓa sa wa zarto irinsa ba, ja mai ƙamshi, babu ko gaɓa ɗaya.

Na ce wa kuku, a garinmu karya gindin rumbu take haihuwa, ban taɓa jin ta kai ƙara ba. Ya ce in rufa masa asiri, wannan karyar kakanninta ma an san su, daga Kaduna aka kawo mata miji a mota, kuma naman da take ci a yini ya ishi gidansa miyar sati. Ni dai idona na kan katakon. Na ƙudurce a raina ragowarsa za ta yi ƙyaure.

Sai Madam ta ce in auna karyar. Baƙa ce ƙirin, ta kusa ɗan maraƙi, da haƙora a jere. Ko ba don haƙoran ba, ni da nake tsare alwalata ba zan tsuguna ina shafa kare ba. Na jira rana ta take, ta miƙe a inuwar baranda tana barci. Na zaro kara daga dannin lambu, na shimfiɗa shi a gefenta daga nesa, na karya daidai tsawonta, na sake yi a faɗin ƙirji da na ƙugu. Haka muke auna mamaci kafin a haƙa kabari, wannan awon na sani, kuma bai taɓa ba mu kunya ba. Ko kusa bai zo mini ba cewa mai shayarwa tana bukatar filin baza ƙafafu da na 'ya'ya.

Na zuba duk basirata a aikin nan. Akwati ya fito dogo siriri, da ɗan faɗi wajen ƙirji, ya tsuke wajen ƙafa, yadda kara ya nuna. Sandar ciki tana nan, gajeren gefen yana nan a wajen ƙafa. Sannan na ƙara abin da ba a ce ba. Ni ɗan Hausa ne, na san babban abokin gabar mai jego iska ce, kuma ko dabba ce tana son sutura. Na haɗa masa murfi mai kauri, na sa marikai a gefe don sauƙin ɗauka. Ragowar katakon da nake wa buri kuwa, ina cikin shara mai sito ya zo ya tattare ta har da 'yan gutsattsari.

Ni da kuku muka kinkimo akwatin muka ajiye a tsakar falo, na ja da baya ina jiran yabo. Madam ta fito, ta tsaya cak. Fuskarta ta yi fari fiye da yadda Allah ya yi ta. Ta taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu, ta durƙusa ta rungume karyar, ta fashe da kuka tana zubo yaren garinsu. Kuku ya dubi akwatin, ya sake dubawa, sai ya dafe kai. Shi ya taɓa aiki a birni, ya ga yadda suke jana'iza, sai yanzu da aka rufe murfin ya gane abin da muka ɗauko.

"Malam, ka san abin da kag gina? Cikin irin wanga su ka rufe gawassu."

Wallahi ban taɓa gani ba. Mu likkafani ne da makara, a kai mutum a dawo da makarar. Na tsaya ina kallon aikin hannuna, Madam kuwa gani take na yi wa karyarta fatan mutuwa, har na goge fatan sumul na kawo mata falo. Ta ce a fitar da shi daga idonta. Na roƙi kuku ya tambaye ta ko zan iya ɗauka. Ta yarfa hannu ta ce in kai shi duk inda na ga dama, ita dai kada ta sake gani.

Saura get, ƙofar fita. Dokar kwatas ita ce ko ƙusa ba ta fita, masu gadin kuma tsofaffin sojoji ne 'yan kudu, har aljihu suke lalubewa. Muka saɓa akwati a kafaɗa muka nufe su, ina shirya bayanin da na san ba za su saurara ba. Suna hango mu suka miƙe tsaye suka cire huluna. Babbansu ya wangale get da kansa, ya sunkuyar da kai. Kuku ya ɓata fuska yana tafiya a hankali, ni ma na bi sahunsa. Sai da muka sha kwana ya ajiye nasa gefen ya yi dariya har da hawaye.

Ni ban yi dariya sosai ba. Tun da na san sunan abin, tsoro ya shige ni. Haihuwar fari ba wasa ba ce, na san matan da suka tafi a kan gwiwa, ga shi zan rataya murfin akwatin gawa a ƙofar ɗakin da mai ɗakina za ta durƙusa. Na juya maganar a raina, na ga babu wanda ya taɓa kwanciya a cikinsa, itace ne kawai, ruwan sama kuwa ba camfi ba ne. Na wargaza shi, na haɗa murfin da allunan gefe, ƙyaure ya fito.

Akwati na biyu injiniya da kansa ya auna da tef, mai faɗi, babu murfi, aka shimfiɗa bargo aka rataya fitila don ɗumi. Karyar ta shinshina shi ta wuce. Da lokacinta ya yi, a siton kuku ta haihu, kan buhunan albasa. Akwatin ya koma ma'ajiyar takalman Madam.

Ranar hutu na ɗora ƙyaure a motar kasuwa na nufi sabon garin. Ashe bakin kuku ya riga ni isa, labarin ya bi ta Bakura ya zagayo. Ina saukowa yara suka biyo ni suna cewa ga ƙyauren karya, dattawan gindin bango suka amsa gaisuwata da tsawo fiye da kullum, suna tambayar lafiyar mai jego ba su ce wacce ba. Na shiga na kafa ƙyauren, gumi na keto mini ba don nauyin aiki ba. Da na gama na cire takalma na tsuguna daga gefe, kaina a ƙasa. Na riga na sallama cewa za a ce in ɓalle abina in koma da shi.

Surukuwata ta fito. Ba ta dube ni ba. Ta tura ƙyauren ya rufu, ta jawo ya buɗe, ta sake turawa, ta sa tafin hannu ta shafa katakon tun daga sama har ƙasa. Mai ɗakina tana daga ciki, ina ganin ƙafafunta da suka kumbura. Can sai surukuwata ta juya wajen gwaggo, ta yi magana yadda zan ji.

"Ruwa ya ci gidanmu, ya ci gona, ya ci kushewar uwata. Tun da anka tashe mu, wanga na abu na hwarko da yaz zo muna daga wajen dam, shi ma sai da karya taƙ ƙi. Ki ce mai ya bar shi. Allah shi yi mai albarka."

Na amsa amin a hankali.

Hadari ya haɗo bayan 'yan kwanaki, aka yi ruwa da iska har jinkar maƙwabta ta tashi. A bayan ƙyauren nan, a rufe, aka haifi 'yata ta fari, wadda har yau ba na kiran sunanta. Ko ɗigo bai shiga ɗakin ba.