Ranar da Na Kama Malam Babba da Kambamawa

Wata Juma'a ce cikin kakar shekarar da na shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Batsari. Kwanakin makaranta a gidan Gwaggo Hajara nake yin su, sai ƙarshen mako yayana Lawal ya ɗauko ni a keke zuwa gida Karare. Ran nan muka iso bayan la'asar, muka tarar da kakana Malam Babba zaune kan buzunsa a ƙofar zaure yana feƙe alƙalami. Malami ne da ake jin maganarsa har Runka da Tsaskiya, kuma ba abin da ya tsana a duniya kamar ƙarya. Ko da wasa ka ce wa yaro ya zo ya karɓa alhali hannunka ba komai, ranar sai ka sha wa'azi. Na durƙusa na gaishe shi, ya tsokane ni kamar kullum, wai amaryarsa ta dawo daga birni ba ko tsaraba, sannan ya tambayi abin da aka koya mana. Ni kuwa sarkin rawar kai, sai na juye masa karatun Malam Sabi'u, malaminmu na Hausa, wanda ya fara mana adon harshe a makon. Na ce akwai kamantawa, a ce wani abu kamar wani yake. Akwai mutuntarwa, a ba abin da ba mutum ba halin mutum. Akwai kuma kambamawa, a faɗi abu fiye da yadda yake.

Nan take ya ajiye wuƙar. "A faɗi abu fiye da yadda yake? To mi ya raba wannan da ƙarya?" Maimakon in gyara sai na ƙara kwaɓa ta, na ce ai zango mai zuwa har ƙagaggen labari za a koya mana, labarin da bai taɓa faruwa ba. Kafin magariba hukunci ya iso cikin gida: ran Lahadi ba mai mai da ni Batsari, don ba za a koya wa jikarsa ƙarya da alli da allo ba. Na yi kuka har tuwo ya huce a gabana. Ina son makarantar nan kamar raina, ina son ƙamshin sabon littafi da carafken da muke yi a gindin dalbejiya lokacin tara. Baba ya ji zafin abin, amma a gidanmu ɗa ba ya ja da maganar mahaifinsa, ko da ɗan ya yi furfura. Inna ta ce in yi haƙuri, ita ma idonta ya kaɗa.

Washegari Asabar aka fita tsinkar gyaɗa. Maza sun riga sun cire ta ta sha iska, sai aka tara ta tsibi-tsibi a gindin ɗorawa, mu 'yan mata da tsofaffin unguwa muka zagaye da ƙoranmu, muna tsinka muna ware harawa gefe saboda awaki. Ƙannena suna can suna roro a kunyoyi, rabi a ƙwarya rabi a baki. Lawal ya hura wutar kara ya babbaka mana wadda ba ta gama bushewa ba, kowa bakinsa ya yi baƙi. Da hantsi Malam Babba ya iso kan jakinsa. Shi kuwa in ya shiga gona wani mutum ne daban, bakinsa ba ya hutawa. Yana sauka ya share gumi ya ce ranar yau fushi take yi da mu. Ya ɗaga wani tushe ya ce a dubi 'ya'ya kamar babban yatsan maƙeri. Ina tsinka ina kumbure-kumbure, amma kunnena yana wurinsa. Can ya juya kan su Lawal, wai samarin yanzu ragwaye ne. "Mu a zamaninmu, in na duƙa na kama kunya guda, ba ni ɗagowa sai na gan ni bakin kasuwar Safana."

Kowa ya yi dariya, ni kuwa na ga dama ta samu. A duk taron nan ba mai iya tanka masa sai ni, domin tsakanin kaka da jika akwai wasa, abin da ɗa ba zai iya faɗa ba jika sai ta faɗe shi a yi dariya. Na miƙe na kama ƙugu irin na amaryar da ya ce ni ce. "Angona, gonar wa ce mai kunya daga Karare har Safana? Wannan ita ce kambamawar. Ranar da ta yi fushi mutuntarwa ce, yatsan maƙeri kuma kamantawa." Baba ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura a ƙasa.

Malam Babba ya daɗe yana dubana yana shafa gemu. Sai ya tambayi tsofaffin nan ko akwai wadda ta yarda ya yi noma har Safana. Suka ce su dai sun san ƙwazonsa yake nufi. Ya jinjina kai ya ce ashe in mai faɗa ya sani, mai ji ma ya sani, ba a yaudari kowa ba. Daga nan ya fashe da dariya har da hawaye, yana cewa yarinyar nan ta ɗaure shi da rawaninsa. Bai taɓa cewa ya janye hukunci ba, ba halinsa ba ne. Ran Lahadi da azahar dai na ji yana tambayar Lawal ko tayar keken tana da iska, ya kuma ɗaura mana ƙullin gyaɗa a kai wa Malam Sabi'u. Daga lokacin kowace Juma'a sai ya tsare ni in faɗi sabon abin da aka koya mana, jigo ko salo ko amsa-amo, shi kuma ya lalubo misalinsa cikin waƙoƙin wa'azin da ya haddace tun yana ƙarami.

Yau ni nake koyar da adon harshen nan, ɗalibaina kuwa a waya suke neman misali. Malam Babba ya daɗe da rasuwa, gonar ɗorawa kuma ba kowace damina ake iya zuwa ba saboda halin rashin tsaro da yankinmu ya shiga. Wani lokaci 'yan'uwa kan kira ni daga wajen Runka su ce wani ƙauye ya watse, ko kaza ba ta rage ba. Nakan riƙe wayar a kunne, ina roƙon Allah ya sa kambamawa ce.