Motocin da ke Fitowa ta Hagu

Direba ake ce masa a layin masu gyara, alhali bai taɓa riƙe sitiyarin mota ta gaske ba. Babur gare shi, tsoho, wanda yake kai 'yarsa Auta makaranta a kai kowace safiya kafin ya buɗe shago. Sana'arsa ce ta jawo masa sunan. Tsofaffin na'urorin gem yake gyarawa, irin waɗanda ake jonawa da talabijin mai doro, yana kuma sayar da faya-fayan tseren mota da wani dillali ke kawo masa daga ƙasar waje a kwali, wasu da rubutun da duk layin ba mai iya karantawa.

Kada ka ce yara ne masu sayensu. Magidanta ne, da tumbinsu da furfurarsu, su shigo suna waige-waige kamar masu neman maganin basir, su ce wai ɗansu ne ya aiko su. Direba ba ya tona musu asiri. Amma yana da ƙa'ida guda da ba ya karyawa: ba ya miƙa wa mutum faifai sai ya tuƙa shi tukuna. Faifan gwanjo munafuki ne, sai ya tashi lafiya lau, ana tsakiyar tsere ya daskare. Saboda haka yakan zauna a kan bencinsa, ya ɗauki hannun gem ɗin, ya bi titunan wani birni da bai taɓa zuwa ba har ƙarshe. Shekaru sun sa ya san kowace kwana da kowace gada, kuma ko mai sayen na surutu a kansa ba ya goge bango.

Sai ga shi ya fara karo. Yana cikin gudu sai kawai ya ji garam, wata mota ta make shi, kuma kullum ta hagu take fitowa. Ya ce faya-fayan ne suka lalace. Ya ware guda-guda ya mayar wa dillali, har suka yi musayar baƙar magana, don dillalin ya rantse ya gwada su a gidansa ba abin da ya same su. Direba ya dawo ya kwance hannun gem ɗin, ya goge ciki, ya sake roba, ya ɗiga dalma inda ba a buƙata. Bai daina karo ba. Ya ɗauko talabijin ɗin maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya jona, nan ma haka. Mutumin da aikinsa gyara ne, duk abin da ya lalace a wajensa yana da murfi da kusoshi, shi ya sa ya daɗe yana neman laifin a kan tebur.

Ranar da tsoro ya shige shi sosai, a titi na gaske ne. Ya ɗauko Auta, sun zo mararraba, ya duba ya ga hanya fes, ya shiga. Wata motar kaya ta taka birki har ƙasa ta yi ƙara, hancinta dab da gwiwarsa ta hagu. Yarinyar ta ƙanƙame masa riga. Ya sauke ta a ƙofar makaranta, ya ce kada ta gaya wa mamanta, direban motar kayan ne mahaukaci. Ita kuwa ta juya ta shige ciki.

Daga nan abinci ya daina shiga. Ya san abin da zuciyarsa ke gaya masa, kuma ba ya so ya ji. In idonsa ne ya samu matsala, to ina dalma, ina ƙananan wayoyi, ina babur? Wa zai kai Auta? Kowace safiya sai ya ce yau ce ta ƙarshe, kuma ya ɗauke ta, yana tafiya kamar mai tura baro, yana juya wuya gaba ɗaya a kowace kwana. 'Yan layi suka fara tsokanarsa wai Direba ya tuba da gudu. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Wata azahar, shago ba kowa, ya saka faifan da ya fi sani ya ce bari ya gwada sau ɗaya tak. In ya kai ƙarshe ba karo, to gajiya ce kawai. Ya kafa ido a talabijin. Ya wuce gada, ya wuce kwanar kasuwa. Ya kai ƙarshe lafiya, ko ƙwarzane babu. Ya aje hannun gem ɗin, ya sauke numfashi, ya ce alhamdulillahi a bayyane.

"Baban Auta."

Ya zabura har bencin ya motsa. Matarsa ce tsaye a gefensa na hagu, kusa da shi sosai, da kwanon abinci a hannu ɗaya. Ɗayan hannun ta ɗaga shi daidai kuncinsa, yatsu a buɗe, ba ta sauke ba tukuna. Fuskarta ta jiƙe da hawaye.

"Auta ta gaya mini," in ji ta.

Ya buɗe baki zai kawo maganar direban motar kayan, ya fasa. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Tun yaushe kike tsaye a nan?"

"Tun kafin ka hau gadar. Ina ta kaɗa maka hannu."